HAKIN DA KA RAINA

Ya mai karatu, kafin ka ci gaba da wannan takarda, ka gwada wani abu. Rufe idanunka duka biyu, ka tashi ka nemi ƙofar ɗakinka, ka je randa ka ɗebo ruwa. Ka ji wuyarsa? To, wannan cikin gidanka ne, inda ka san kowane lungu, kuma da ka ga dama sai ka buɗe ido. Amma akwai mutane cikin garuruwanmu waɗanda haka suke kwana, haka suke tashi, ba kuwa da makanta aka haife su ba. Wani tsinin kara ne ya soke shi ran yankan hatsi. Wani ɓarɓashin ƙarfe ne ya faɗa masa a maƙera. Wata kuwa ruwan soda ne ya fantsamar mata tana dafa sabulu. Ba takobi, ba bindiga. Iyayenmu sun ce hakin da ka raina shi kan tsone maka ido, gaskiya kuwa suka faɗa.

A shekara ta 1998 likitocin Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi lissafi, suka iske mutum wajen miliyan 1 da dubu 600 a duniya sun makance sarai saboda rauni. Waɗanda suka rasa ido ɗaya, ko ganinsa ya ragu ƙwarai, sun kai wajen miliyan 19. Likitocin ido suna cewa cikin raunuka 10, da an sa abin tsare ido, da wajen 9 ba su auku ba.

WA YA YI IDO?

Littafin Misalai 20:12 ya koya mana cewa kunne da ido duka aikin hannun Ubangiji ne. Dubi yadda ya tsare ido. Ya sa shi cikin rami, ƙashi ya kewaye shi kamar ganuwa. Gira tana tare zufa, gashin ido yana tare ƙura, fatar ido tana rufewa da kanta tun ba ka yi tunani ba, hawaye kuma suna wanke shi dare da rana. Duk da haka, tagar nan da ke gaban baƙin ido, wadda haske yake bi ya shiga, kaurinta wajen rabin milimita ne kaɗai, kamar na farcen yatsa, ba ta kuwa da taurin farce. In fatar hannu ta yanke ta warke da tabo, hannu yana ci gaba da aikinsa. In wannan taga ta yi tabo, shi ne hakiya, haske ba ya wucewa kuma.

Masu tsaron nan sun isa ga ƙuda da ƙurar hunturu. Amma injin wasa ƙarfe na hannu yana juyawa fiye da sau 10,000 cikin minti ɗaya, abin da ya tashi daga bakinsa kuwa yakan riga ƙiftawar ido. Allah da ya ba ɗan Adam hikimar ƙera inji, shi ne kuma ya ba shi hankalin tsare kansa daga injin.

INDA HAƊARI YAKE

Kada manomi ya ce wannan zancen maƙera ne da masu walda. Gona tana cin idanu da yawa, tun ba lokacin kaka ba. Ka sunkuya kana yankan hatsi, ganyen dawa ya shafi idonka, ko tsinin kara ya taɓa shi. Mata suna sussuka, suna sheƙa, iska ta juyo da ƙaiƙayi. Yaro yana saran ƙaya don shinge, reshe ya dawo ya make shi. Ciwon ranar farko ƙarami ne, ɗan ƙaiƙayi da hawaye, mutum ya murza ido ya koma aiki, gama hatsi ba ya jira. Ashe kara da ƙaiƙayi suna ɗauke da ƙwayoyin cuta irin na funfuna. Da zarar sun sami 'yar kafa a tagar ido sai su shiga su zauna. Bayan kwana kaɗan ido ya yi ja, ya fara kwantsa, wani farin ɗigo ya bayyana a kan baƙin ido. Gyambo ke nan. In aka bar shi, yakan ci tagar har ta huje, ko ya warke da hakiya. Mutum ya cika rumbu, ya rasa ido.

Akwai kuma itatuwa masu nono. Nonon tumfafiya, da na aguwa wadda muke dasawa shinge, da na tinya, duka suna ƙona ido. Mai sara su ya kula, ya wanke hannu kafin ya taɓa fuska.

Sai walda. Yanzu da wuya ka sami kasuwar ƙauye da ba mai walda, samarinmu da yawa kuma sun shiga wannan sana'a a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Sana'a ce mai kyau, tana ciyad da gida. Amma cikin hasken nan mai walƙiya akwai wani haske wanda ido ba ya gani, shi ne mai ƙuna. Mutum ba ya jin kome sa'ad da yake aiki. Sai bayan awa 6 zuwa 12, sau da yawa tsakar dare, ya farka kamar an zuba masa yashi mai zafi cikin ido, hawaye suna zuba, ba ya iya duban fitila. Yawanci wannan ƙuna takan warke cikin kwana 2 ko 3, shi ya sa masu walda suke raina ta, suna cewa ai sun saba. Ido ba ya sabawa da wuta. Maimaita ƙunar shekara da shekaru yana gajiyad da shi, duban walƙiyar kai tsaye kuwa yana iya taɓa har can bayan ido inda gani yake. Baƙin tabarau na kasuwa, irin na ado, bai isa ba. Waldar lantarki tana bukatar garkuwar fuska mai baƙin gilashi na musamman, mai lamba wajen 10 zuwa 13. Rufe ido da kau da kai lokacin da wuta ta kama, kamar yadda wasu suke yi, wasa ne da baiwar Allah. Yaron da ke riƙe ƙarfe, da yaran unguwa masu tsayawa kallo, su ma hasken yana ƙona su.

Mafi mugunta duka shi ne bugun ƙarfe a kan ƙarfe, ko ƙarfe a kan dutse. Maƙeri, da makaniki mai fid da ƙusa da guduma, da mai sassaƙa dutsen niƙa, da mai fasa tsakuwa, da samarin da suke tafiya haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, duka suna cikin wannan. Ɗan ɓarɓashi wanda bai kai ƙwayar gero ba yana iya huda ido ya shige ciki, ƙofar ta rufe a bayansa. Wani lokaci ba jini, ba zafi mai yawa. Ƙarfen yana ciki yana tsatsa, tsatsar tana kashe gani a hankali cikin watanni. Duk wanda ya ji wani abu ya bugi idonsa yana cikin irin wannan aiki, lalle likita ya duba shi, ko da ya ga kamar ba kome.

Ga kuma masu ƙuna: siminti, farar ƙasa, sodar sabulu, ruwan batir, maganin feshin ƙwari. Soda da siminti da farar ƙasa sun fi ruwan batir ɓarna, gama suna narka naman ido suna ci gaba da nutsewa.

"TSAUTSAYI BA YA WUCE RANARSA"

Ka ba mutum tabarau na aiki, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. In Allah ya tsare, ba abin da zai same ni. In kuwa ya ƙaddara, ko ƙarfe na sa a fuska sai ya faru." Har cikin ekklesiya ana jin wannan magana, wani ma yana ganin alamar bangaskiya ce. Bari mu auna ta da Maganar Allah.

Gaskiya ne Allah yana mulkin kome, ko gwara ba ta faɗuwa ƙasa ba da saninsa ba. Amma ka karanta Matta 4:5-7. Shaiɗan ya kai Ubangijinmu Yesu kan tsororuwar haikali, ya ce ya dira ƙasa, tun da akwai alkawarin mala'iku za su tallafe shi. Har Nassi ya jawo don ya ƙarfafa maganarsa. Yesu bai dira ba. Ya nuna masa cewa jefa kai cikin haɗari da gangan, don a ga ko Allah zai tsare, gwada Allah ne, an kuwa hana. To, in Ɗan Allah da kansa ya ƙi yin haka, kai wane ne da za ka kafa ido tsirara gaban tartsatsi, ga garkuwa a rataye jikin bango, ka ce bangaskiya ce?

Dubi Nehemiya sa'ad da yake sake ginin ganuwar Urushalima, magabta suna shirin faɗa masa. Sura 4 ta nuna abu biyu ya yi: ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Bai ce addu'a ta isa a kwanta barci ba. Dubi Bulus cikin jirgin ruwa, Ayyukan Manzanni sura 27. Allah ya riga ya tabbatar masa cewa cikin mutum 276 ba wanda zai mutu. Duk da haka, da ya ga matuƙa suna shirin gudu da ƙaramin jirgi, ya gargaɗi jarumin soja cewa ba tsira in mutanen nan suka tafi. Alkawarin Allah yana nan, amma ta hannun matuƙan zai cika. Haka Allah yakan yi aikinsa. Shi ke ba da abinci, amma kana shuka, kana noma. Shi ke tsaron bisashe, amma kana ɗaure su da dare saboda kura da ɓarawo. Ba ka taɓa barin rumbu a buɗe ka ce gara ba ta wuce ranarta ba. Don me sai a kan ido ne za ka tuna da ƙaddara?

Ni dai ina gani sau da yawa ba bangaskiya ce take hana mu ba, kunya ce. Saurayi yana tsoron abokan aiki su ce ya cika tsoro, ko ya mai da kansa Bature. Mace tana tsoron dariyar 'yan'uwanta a masussuka. To, masu dariyar nan, ran da ido ya tafi, wa zai bar gonarsa ya zo ya noma taka? Wa zai ja maka gora? Ɗanka ne za a fitar daga makaranta ya riƙe sanda. Wani kuma ya ce tabarau yana sa zufa, yana yin hazo. Haka ne, yana yi. A cire a share a mayar. Wani ya ce kuɗi. Sau da yawa tabarau na aiki bai kai kuɗin zakara ɗaya ba. Ka kwatanta da kuɗin mota zuwa babban asibiti, da kuɗin magani, da damina guda da za ta wuce ba ka riƙe hauya ba.

Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, mu ba na kanmu ba ne, an saye mu da tsada (1 Korintiyawa 6:19-20). Idon nan amana ne. Da shi kake karanta Littafi, da shi kake gane fuskar matarka da ta 'ya'yanka, da shi kake raba hatsi da ciyawa.

GA MAI GIDA DA MAI KOYAR DA SANA'A

A nan maganar ta fi nauyi. Cikin Kubawar Shari'a 22:8 Allah ya umarci wanda ya gina sabon gida ya ja rawani kewaye da rufin soro, domin in wani ya faɗo, kada alhakin jininsa ya hau gidan. Ka lura, ba a ce wanda ya faɗo ajalinsa ne ya zo ba. An ɗora alhakin a kan mai gidan da bai yi rawani ba. Fitowa 21:33-34 ta ce wanda ya haƙa rami bai rufe ba, dabbar wani ta faɗa, shi zai biya. Cikin wannan sura kuma, aya 26, in ubangida ya bugi idon bawansa ya lalata shi, dole ya 'yanta bawan. Ido ɗaya na bawa, a wurin Allah, ya kai kuɗin bawan duka. Har ruwan gatari da ke zarewa daga ƙota ya kashe maƙwabci an ambata cikin Kubawar Shari'a 19:5. Allah ya san wurin aiki, ya san abin da ke faruwa can.

Kai mai garejin walda, kana da garkuwa ɗaya kana sawa, yaron da iyayensa suka damƙa maka amana yana riƙe ƙarfe da ido tsirara. Kai mai injin niƙa, ka sa yaro ya wasa faranti ba kome a fuskarsa. Kai magini, leburanka suna juye siminti iska tana mayar musu. In yaron nan ya koma ƙauye da ido ɗaya, me za ka gaya wa uwarsa? Me za ka gaya wa Allah? Ba ka buge shi da hannunka ba, gaskiya ne. Mai soron nan ma bai tura kowa ba. Mai bi wanda yake da ma'aikata ya kamata a san shi da wannan: ba a kunna inji a wurinsa sai kowa ya rufe ido, shi kansa kuwa ya fara sawa, gama yaro abin da ya ga maigida yana yi shi yake yi. Ku iyaye kuma, kafin ku ba da ɗanku koyon sana'a, ku je ku ga wurin da idonku, ku tambaya.

Tabarau na aiki daban yake da na karatu ko na ado. Na gilashi yana fashewa ya ƙara ɓarna. Na aiki da roba mai ƙarfi ake yinsa, yana rufe har gefe, sau da yawa za ka ga an buga EN 166 ko Z87 a jikinsa. Don ƙura da ƙaiƙayi da abu mai ruwa kamar soda da maganin feshi, a nemi mai igiyar roba wanda yake manne wa fuska. In ya karce har ba a gani sosai, ko ya tsage, a sake wani.

IN ABIN YA RIGA YA FARU

In siminti ne, ko farar ƙasa, ko soda, ko ruwan batir, ko nonon itace, ko dafin kumurci, kada a tsaya neman mota tukuna. A kwantar da mutum, a buɗe fatar idon da yatsu, a yi ta zuba ruwa mai tsabta da buta, ba tsayawa, minti 20 ko fiye. Sa'an nan a tafi likita. Mintocin farko su ne suke ceton ido.

In ƙura ce ko ƙaiƙayi, a wanke da ruwa mai tsabta, kada a murza. In bai fita ba, ko gari ya waye ido yana ja yana ciwo, a tafi likita ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

In ƙaya ce ko ƙarfe ya kafe, ko ido ya huje, kada a cire, kada a wanke, kada a danna. A yanke gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon, a ɗaure shi a hankali yadda ba zai taɓa ƙwayar ba, a nufi asibitin da ke da likitan ido.

Ina roƙonku saboda Allah, kada a ɗiga ruwan ganye, ko nono, ko ruwan sukari, ko fitsari, kada a sa kwalli, kada a bar wani ya sa harshe ko tsinke. Masu yin haka da ƙauna suke yi, amma idanu da yawa da za su warke ta haka suka mutu. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa a hannun mai talla. Akwai irin da yake kwantar da ja da zafi, mutum ya ce ya sami sauƙi, alhali kuwa yana ba funfuna ƙarfin cin ido. A yi addu'a, i, a yi ta a kan hanya.

GA WANDA YA RIGA YA RASA

Wataƙila wani ne yake karanta maka wannan takarda, gama naka idon ya tafi. Kada ka ji kamar ana yi maka gori. Almajirai sun ga wani da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa. Yesu ya kawar da zancen laifi gaba ɗaya, ya buɗe masa ido (Yohanna sura 9). A bakin hanyar Yariko jama'a suna tsawata wa Bartimawus makaho ya yi shiru, Yesu kuwa ya tsaya ya sa a kirawo shi (Markus 10:46-52). Wanda ya tsaya domin Bartimawus bai raina ka ba. Ya mutu ya tashi domin mai ido da makaho duka, kuma akwai makafi da yawa da suka gan shi da zuciya tun kafin masu ido biyu. Wurinka cikin ekklesiya yana nan, hakkin 'yan'uwa ne kuma su yi maka gayya a gonarka.

In ido ɗaya ya rage maka, an ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Kai ka gode tun yau, kada ka ƙara taɓa guduma ko lauje ba tare da tabarau ba, gama ba ka da na ajiya. In kuma lafiyayyen idon ya fara ja ko gudun haske bayan raunin ɗayan, ko da watanni sun wuce, ka hanzarta zuwa likita.

Dattawan ekklesiya, kaka tana tafe. Ran Lahadi bayan sujada ku zauna ku ƙidaya masu walda da maƙera da magina da masu feshi da ke cikinku, da matan zumunta masu yin sabulu. Ku haɗa abin da ya samu, ku aiki mutum ɗaya birni ya sayo tabarau na aiki da yawa, gama sari ya fi araha. Wanda ba shi da kuɗi a hannu a ba shi, ya biya da tiyar hatsi bayan girbi. Maƙwabcin da ba ya zuwa sujada tare da ku, in ya tambaya, shi ma a ba shi.